Yumɓu Riƙewa Yake Yi, Ba Ya Kashewa: Faɗakarwa ga Masu Kiwon Kifi a Dallol Mawri

Duk wanda ya tashi a bakin fadama ya san gaiwa. Idan rani ya tsananta, tabki ya ƙafe har ƙasa ta tsattsage, sauran kifaye sun mutu ko sun shiga tukunya, ita sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar ƙofar shan iska, ta kwanta watanni tana cin jikinta har ruwan farko ya sauka. Yara kan bi busasshen tabkin da fartanya suna neman bakin raminta. Idan suka dace, sai su ɓanɓaro dunƙulen ƙasa kamar tubali, su fasa, ga kifi da ransa a ciki. Tun ba mu san boko ba muka san akwai amana tsakanin kifi da laka.

Yau masana sun ƙara wa wannan amana wani aiki. Sun gano cewa wani irin yumɓu, idan aka gauraya ɗan kaɗan a abincin kifi ko aka tace ruwa da shi, yana kama gubar ƙarfe kafin ta shiga jikin kifin. Gaskiya ne, amma gaskiya ce mai iyaka, kuma wanda ya ji rabinta ya ruga zai iya cutar da kansa da masu sayen kifinsa.

Me ya kawo maganar Dumega?

Ƙaramar hukumar Dumega, a gundumar Tibiri ta jihar Dosso, tana cikin Dallol Mawri, tsohon kwarin kogin da ya ratso ta Dogondutsi ya gangara kudu wajen Gaya. Albarkar dallol ita ce ruwa kusa: a wurare da dama taƙi kaɗan za ka haƙa ka same shi. Shi ya sa rake da rogo da garka suka zauna a nan, shi ya sa kuma kiwon kifi yake da sauƙin shiga. Ana zuba 'ya'yan tarwaɗa da karfasa a tabkuna, wasu matasa kuma suna gina tankin siminti ko su kafa na tamfol a bayan gida, kamar yadda suka gani a tsallaken iyaka, a jihar Kebbi.

Amma wannan albarka tana da ɗaya fuskar. Ƙasar dallol rairayi ta fi yawa, rairayi kuwa ba ya riƙe komai: abin da aka zubar a sama, damina ɗaya ta isa ta sauke shi ga ruwan ƙasa. Tabkunanmu kuma ba kogi ba ne. Kogi yana wucewa da ƙazantarsa, tabki kuwa ruwa ya shigo masa daga ko'ina, rana ta shanye ruwan, abin da ruwan ya ɗauko ya zauna. Bana a ƙara, baɗi a ƙara.

Babu masana'anta a Dumega kamar majemun Kano na Challawa da Sharaɗa da Bompai, waɗanda ruwansu mai ɗauke da sinadarin kuromiyom ya daɗe yana kwarara cikin kogin Challawa da rafin Jakara. Tamu gubar a ƙananan hanyoyi take zuwa, kuma duk mun saba da su. Batirin mota da na babur da na sola, dalma ce cike da su. Na taɓa tsayawa ina kallon wani yaro mai sayen tsofaffin ƙarafa yana fasa batir da guduma a gangaren tabki. Ya tuntsurar da ruwan batirin a ƙasa, ya zare farantan dalmar ya cusa a buhu, ya ɗauraye hannunsa a bakin ruwa, ya tura baronsa ya yi gaba. Bai san ya yi laifi ba, ni ma a lokacin ban ce masa uffan ba. Ga ƙananan baturan tocila da na rediyo da ake jefarwa a juji, ga baƙin man da ake juyewa daga injin ban ruwa, ga tsohon fenti, ga tokar wayoyin da ake ƙonawa don a ciri jan ƙarfe. Takin zamani mai fosfet ma yakan zo da ɗan kadmiyom daga dutsen da aka yi shi. Ko kwallin da ake sa wa jarirai a ido, mai walƙiyar nan na dutse, yawancinsa dutsen dalma ne.

Darasin agwagin Zamfara

Jihar Kebbi kaɗai ta raba mu da Zamfara. A farkon 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, agwagi suka fara mutuwa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Bayan agwagi sai yara: amai, jijjiga, suma, mutuwa. A watan Maris na shekarar likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mace-macen, bincike ya nuna dalma ce. Dutsen zinariyar da ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa yana cike da ita, ƙurar ta bi ɗakuna da tsakar gida da kududdufan da ake wanke dutsen. Yara aƙalla 400 suka rasu a Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega da maƙwabtansu.

Abin lura a nan shi ne yadda aka yi maganin. Akwai ƙwayar da ke fitar da dalma daga jini, amma likitoci suka ce ba za su fara ba yaro ita ba sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar gidansu an binne, an shimfiɗa sabuwa, don ba amfanin wanke jini a mayar da yaro cikin ƙurar da ta cuce shi. Bagega sai a 2013 aka share ta, sannan magani ya fara. A riƙe wannan, don shi ne ma'aunin maganar yumɓu ma. Tunda kuma matasanmu na zuwa haƙar zinariya, daga Jado tun 2014 zuwa Ɗan Isa ta Maraɗi a 2021, labarin Zamfara bai yi mana nisa ba. Dutsen zinariya da zaibar da ake kama zinariya da ita, kada su kusanci gida, balle tabki.

Yadda guba ke zama a jikin kifi

Ƙwayar cuta tana mutuwa a wuta. Ƙarfe ba ya mutuwa. Dalma da kadmiyom da zaiba, ko an soya, ko an kyafe, ko an yi farfesu an tafasa har ƙaya ta yi laushi, suna nan. Kyafewa ma ruwa take fitarwa, sai gubar ta ƙara taruwa a ɗan abin da ya rage.

Ta ƙofa biyu suke shiga kifi: ta jajayen nan na ƙarƙashin kumatu da yake shan iska da su, da kuma ta hanji. Daga nan kowanne da masaukinsa. Kadmiyom ya fi zama a ƙoda da hanta. Dalma tana bin hanta da ƙoda, sannan ta lafe a ƙashi, domin jiki yana ɗaukar ta kamar sinadarin kalsiyom mai gina ƙashi. Zaiba ita ce muguwar, tsokar da muke ci take kamawa. Mai kiwo zai ga kifinsa ya rage cin abinci, girma ya tsaya, ciwo kaɗan ya kwashe su. Sau da yawa kuma ba zai ga komai ba, kifi sumul, guba a ciki.

Hukumar Codex, mai tsara ƙa'idar abinci ta duniya, ta sa iyakar dalma a naman kifi a miligiram 0.3 cikin kilo ɗaya. Wato a buhu goma masu kilo ɗari-ɗari, kada dalmar ta kai sulusin giram. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ba a san wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa ba, musamman ga ƙwaƙwalwar yaro da ɗan da ke ciki.

Sirrin da ke cikin yumɓu

Na tambayi wata tsohuwa mai ginin tukwane abin da ya sa take tafiya nesa ɗebo yumɓu, alhali ga baƙar laka a fadama kusa da ita.

Na ce, "Inna, wannan ta kusa fa?"

Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, wannan ai mayaudariya ce. Ta ga ruwa ta kumbura, ta ga rana ta tsage. Tukunyar da aka gina da ita ba ta kai wuta."

Ba ta san sunayen boko ba, amma ta raba manyan dangin yumɓu biyu daidai yadda masana suka raba su. Ƙwayar yumɓu ƙanana ce ƙwarai, ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari biyar na milimita, kuma a madubin bincike ba dunƙule ba ce kamar rairayi, falle-falle ce, kamar takardun da aka jera. A dangin da ake kira kawolin, irin farin da ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, fallayen a manne suke, ruwa ba ya shiga tsakaninsu. Ba ya kumbura, ba ya yawan tsagewa, magina na son sa. A ɗaya dangin, montmorilonayit, wanda ya samo suna daga garin Montmorillon na Faransa, kuma shi ne ya fi yawa a yumɓun da 'yan kasuwa ke kira bentonayit, fallayen a sake suke. Ruwa yana kutsawa tsakani, yumɓun ya kumbura. Da za a shimfiɗa fallayen giram 10 na wannan yumɓu ɗaya bayan ɗaya, da sun rufe kusan rabin filin ƙwallo.

Waɗannan fallaye suna da wani ja irin na maganaɗisu. Su cajinsu na ragi ne, dalma da kadmiyom da jan ƙarfe da tutiya kuwa, idan suka narke a ruwa, cajinsu na ƙari ne, don haka suna mannewa. A kan fallayen dama akwai baƙi marasa cutarwa, kalsiyom da sodiyom. Idan dalma ta iso sai a yi musaya: kalsiyom ya sauka cikin ruwa, dalma ta hau kujerarsa. A wannan aiki bentonayit ya ninka kawolin kusan sau goma. Yumɓun da Inna ta ƙi, danginsa ne gwanayen kamu.

A cikin hanjin kifi, yumɓu ba ya narkewa, ba ya shiga jini. Yana wucewa ne kawai, ya kwashi abin da ya manne masa, su fita tare a kashi. Masu bincike a Jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin sun gwada haka da karfasa, suka buga sakamakon a 2010. Sun ba wani rukuni abinci mai dalma, wani rukunin kuma abinci mai dalmar tare da montmorilonayit rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato giram 5 a kilo. Waɗanda suka ci yumɓun, dalmar da ta taru a jikinsu ta ragu, lahanin ma ya ragu. An ga irin wannan da kadmiyom a wani kifin.

Akwai kuma wata riba da ta shafe mu kai tsaye. Abincin kifin da ake haɗawa a gida, ƙuli-ƙuli ne da masara da dusa, waɗanda idan suka sha danshi suke yin fumfuna mai gubar aflatoksin. Bentonayit yana kama wannan gubar sosai, har Tarayyar Turai ta amince da shi a 2013 don wannan aiki a abincin shanu da kaji, da sharaɗin kada ya wuce giram 20 a kilo.

Inda ƙarfinsa ya ƙare

A lura da kalmar da aka yi amfani da ita: ta ragu. Ba a ce ta ƙare ba. Yumɓu mai gadi ne a bakin ƙofa, ɓarawon da ya riga ya shige ɗaki ba ya iya fito da shi. Dalmar da ta kwanta a ƙashin tarwaɗa wata uku, ko buhun bentonayit aka ba ta, tana nan. Wanda aka sa a abinci kuma hanji kaɗai yake tsarewa, gubar da ke narke a ruwa ta ɗaya ƙofar take shiga.

Na biyu, ba kowace guba yake kamawa ba. Gubar asinik da mugun nau'in kuromiyom, a ruwa cajinsu irin na yumɓun ne, sai su ture juna. Ga asinik, jar ƙasa mai tsatsar ƙarfe, irin ta marmara, ta fi shi aiki. Zaiba kuwa lamarinta ya fi muni, domin a cikin lakar gindin ruwa, inda babu iska, ƙwayoyin halitta suke juya ta zuwa nau'in da ke kama tsoka. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙarami, har ta taru a irin su giwan ruwa. Wannan nau'in ne ya halaka masunta a Minamata ta Japan, inda aka tabbatar da cutar a 1956. A can ma dabbobi ne suka fara nunawa: kyanwoyi suka riƙa tangaɗi suna faɗawa teku.

Na uku, yumɓu ba ya tantance aboki da maƙiyi. Kifi na buƙatar 'yar tutiya da ɗan jan ƙarfe don ya girma, yumɓu kuwa su ma kama su yake yi, haka wasu magungunan da ake sawa a abinci. Idan ya yi yawa, cikin kifi ya cika da ƙasa, girma ya tsaya. Idan aka watsa shi cikin ruwa barkatai, ruwan ya yi duhu, hasken rana ya kasa shiga, korayen halittun da karfasa ke ci su mutu, mashaƙar iskar kifi ta toshe. Garin neman gira a rasa ido.

Na huɗu shi ne mafi haɗari. Abin da ya iya kamu a yau, ya iya kamu tun jiya. Yumɓu ya shekara dubbai a ƙasa yana riƙe abin da ya ratsa ta kansa, ba ka san da me ya zo ba. A 1997 hukumomin Amurka suka sami gubar dayoksin a kaji da kuma kifin kiwo dangin tarwaɗa. Da aka bi sawu, sai aka tarar daga yumɓu take, wanda ake haƙa a wata mahaƙa a jihar Misisifi ana zubawa a garin waken suya don kada ya dunƙule. A 2016 kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta gargaɗi jama'a kan wasu kayan bentonayit da ake sayarwa don lafiya, saboda an sami dalma mai yawa a ciki. Haka aka sha gargaɗi kan farar ƙasar da wasu masu ciki ke ci a ƙasashenmu. Wanda ya ɗebi laka daga gindin tabkin da juji ke gangarawa ya zuba a abincin kifinsa, ya tattaro gubar shekaru ne ya kai musu har baki.

To, me mai kiwo zai yi?

Ya fara da abin da aka fara da shi a Zamfara, toshe mafari. Kafin ka haƙa rami ko ka zuba kifi a tabki, jira ruwan sama ya sauka, ka taka da ƙafarka ka bi hanyar da ruwa ke biyowa. Idan ta ratsa juji, ko garejin babura, ko wurin fasa batir, gyaran yana can, ba a cikin tabki ba. Wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Aikin mai gari ne da magajin gari da jami'an gandun daji masu kula da tabkuna: a ware wa masu fasa batir wuri nesa da ruwa, a hana zubar da baƙin mai a gangare.

Idan ramin ƙasa ne, a dandaɓe gindinsa da gefensa da yumɓu mai tsabta, wanda aka haƙo daga zurfi, a tudun da ruwan gari ba ya bi. Zai hana ruwa tsiyaya cikin rairayi, ya kuma zama katanga tsakanin kifi da abin da ke ƙasa. Idan ana shakkar ruwan, kada a zuba yumɓu inda kifi yake. A yi ƙaramin rami daban, a dama yumɓun da ruwan a can, a bar shi ya kwana ya kwanta, sannan a janyo na sama.

A kula da tsamin ruwa. Idan ruwa ya yi tsami, yumɓu yana sakin abin da ya riƙe. Garin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Malbaza da Kalambaina don yin siminti, shi masu kiwo ke barbaɗawa a gindin rami kafin a cika shi, don ya kashe tsamin.

A abinci, a yi amfani da bentonayit ɗin da aka tanada don abincin dabbobi, mai takardar gwaji, ba na masu haƙar rijiyar burtsatse ba, wanda aka haɗa don wani aikin daban. A auna da sikeli, ba da tafin hannu ba: abin da aka gwada giram 50 ne a kilo 10, a gauraya da garin tun yana busasshe. Idan kifi na shan magani, a dakata da yumɓun. Kuma kafin ƙungiyar masu kiwo ta amince da wani yumɓun gida, a haɗa kuɗi a aika samfurinsa da na ruwa Yamai, inda ake da ɗakin gwaji na LANSPEX da Jami'ar Abdou Moumouni. Kuɗin da ya yi wa mutum ɗaya nauyi, mutum ashirin ba za su ji shi ba.

Uwargida ma da nata. A cire kayan ciki da jajayen kumatu a zubar inda kaji ba za su ci ba. Busasshen kifin da ba a san ruwansa ba, kada a daka shi da ƙayarsa a miyar yara da masu ciki. Mai banda kuma ya nisanci taya da roba da katakon da ya sha fenti. Wannan ba kira ba ne a bar kifi. Yaranmu sun fi buƙatar kifi fiye da yadda suke samun sa, kuma kifin ruwa mai tsabta abinci ne da ba shi da na biyu.

Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa. Bayan an kwashe kifi, akan yashe baƙar lakar gindin rami a kai garka, don taki ce mai kyau. Idan ruwan mai tsabta ne, madalla. Idan kuwa an yi amfani da yumɓu ne don ana zargin guba, to gubar ba ta tafi ko'ina ba, tana cikin lakar nan. Aka zuba ta a fangalin salad da zogale, ta fita ta ƙofar kifi ta dawo ta ƙofar ganye. Irin wannan laka a binne ta a tudu, nesa da rijiya.

Gaiwar nan da muka fara da ita tana can yanzu a gindin wani tabki, ta miƙa wa laka ranta har damina. Laka za ta riƙe ta, yadda ta riƙe ruwan batirin da yaron nan ya tuntsurar, ba ta tambayi ɗayansu daga ina yake ba. Ranar da yara suka zo da fartanya, duka biyun za ta ba su.